Kafin ka canza fikof ɗin jitar bes ɗinka, buɗe cikinta ka duba tukuna

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, dan Allah ina roƙon ku bani ɗan fili a jaridar nan taku in yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana damuna. Na daɗe ina bibiyar shafinku na nishaɗi, kuma kullum maganar mawaƙa ce da masu fitowa a gaba, amma mu da muke tsaye a baya riƙe da kayan kiɗa, da su kansu kayan kiɗan, ba kasafai ake tunawa da mu ba. Ni mai kaɗa jitar bes ne, wato jitar nan ta lantarki mai kaurin tsirkiya wadda take bada sautin ƙasa, wanda mutum yake ji a ƙirjinsa tun kafin kunnensa ya gane mene ne. Abin da nake so in yi magana a kai shi ne yadda yara masu tasowa a harkar nan suke gaggawar cire kayan cikin jitarsu su zuba sababbi, da zarar sun ji sautin bai yi masu ba, alhali sau da yawa abin da suka cire ɗin lafiyarsa ƙalau, matsalar tana wani wuri daban da ko kallonsa basu yi ba.

Abin da ya tunzura ni na rubuto shi ne wani ƙanena a sana'a da ya kawo mani jitarsa kwanakin baya, ransa a ɓace, ya ce Yaya wannan jitar ta gama yawo, ƙugi take kamar an tsare ƙudan zuma a cikinta, har ya riga ya sayo sababbin fikof guda biyu suna cikin kwalinsu, ni dai in ɗaura masa kawai. Fikof, ga wanda bai sani ba, shi ne baƙin abin nan da yake kwance a ƙarƙashin tsirkiyoyi, shi ne kunnen jitar, shi yake ɗaukar motsin tsirkiya ya mayar da shi lantarki. Na ce masa ajiye kwalin tukuna, jona mani ita a amfilifaya. Ya jona, ai kuwa sai zzzzz ya cika ɗakin. Na ɗora tafin hannuna a kan tsirkiyoyin, ƙugin bai ragu ba ko kaɗan, sai ma ya ɗan ƙaru. Na ɗauke hannun na taɓa ƙarfen bakin jak, inda ake soka waya, sai tsit. Na sake yi sau uku yana kallo, tsirkiya ƙugi, bakin jak tsit. Na ce masa kaga wannan, fikof ɗinka bai yi laifin komai ba, wayar at ce ta rabu da birij. At shi ne layin da yake zubar da hayaniyar lantarki zuwa ƙasa.

Birij shi ne ƙarfen da yake riƙe da gindin tsirkiyoyi. A yawancin jitocin bes akwai wata 'yar waya da take fitowa daga ramin da bolum suke, wato maɓallan da ake murɗawa a ƙara ko a rage sauti, ta bi ta wata siririyar huda a cikin katako, ta fito a ƙarƙashin birij ɗin, ba a ma liƙa ta da dalma, kawai matse ta ake tsakanin ƙarfe da katako. Aikinta shi ne ta haɗa tsirkiyoyi da at, yadda in ka taɓa su jikinka shi ma ya shiga cikin at ɗin, hayaniyar da jikin mutum yake kwasowa ta sauka. Muka sassauta tsirkiyoyi, muka kwance sukurori biyar ɗin birij, muka ɗaga shi, sai ga wayar ta nutse a cikin fentin jitar ta yi wa kanta gurbi, ga ta ta yi kore saboda gumi da daɗewa, bata taɓa ƙarfen ko kaɗan. Na kankare ta da bakin reza, na baza silin nata kamar tsintsiya, na goge ƙasan birij ɗin, muka mayar muka ɗaure. Na ɗora mitar auna lantarki, ƙafa ɗaya a birij ɗaya a bakin jak, ta yi fiiit, alamar sun haɗu. Da muka kunna shikenan, yana ɗora hannu ƙugin yana ɗaukewa. Aikin gaba ɗaya bai kai minti ashirin ba, wallahi yaron nan zama yayi yana kallon kwalin da ya sayo.

Abin da nake so 'yan uwa su gane shi ne fikof abu ne mai wuyar mutuwa. Babu wani abu mai motsi a cikinsa. Maganaɗisu ne aka naɗe shi da wayar jan ƙarfe siririya kamar silin gashi, zagaye dubbai, in tsirkiya mai ƙarfe ta girgiza a samansa sai ta motsa ƙarfin maganaɗisun, motsin nan ya haifar da ɗan lantarki kaɗan a cikin wayar, shi ne yake bi ta bolum ya fita ta jak zuwa amfilifaya. Iyakar abin kenan. Akwai jitocin da aka ƙera tun shekarun 1960 da har yau fikof ɗinsu na asali ne a jiki kuma yana aiki. In zai mutu to galibi gumi ne ya shiga ya cinye siririyar wayar, ko wani ya soka sukundireba ya tsinka ta. Kuma gane hakan ba wuya, ka sa mita a ma'aunin om, ka soka waya a jitar, ka buɗe bolum har ƙarshe, ka auna tsakanin kan filogin da jikinsa. Fikof irin na jitar Precision ta kamfanin Fender zai nuna maka wajen 10k zuwa 11k, wato om dubu goma zuwa sha ɗaya, irin na jitarsu ta Jazz guda ɗaya wajen 7k zuwa 8k, ko da ya ɗan sauka ƙasa da haka saboda bolum ɗin da yake tare da shi a layin. In ka ga lambar ta haura can sama nesa da wannan to akwai inda ya tsinke, in ka ga sifili to wayoyi ne suka haɗu da juna a wani wuri. Wannan awon na jitar da bata da batir ne fa.

Abubuwan da suke lalacewa da gaske su ne jak da bolum da kuma liƙin dalma. Jak ne yafi kowa shan wahala don kullum ana sokawa ana zarewa, notinsa ya sassauta, mutum ya kama ya murɗa daga waje ba tare da ya riƙe shi ta ciki ba, jak ɗin ya juya gaba ɗaya ya murɗe wayoyin har ɗaya ta fizge, gobe a hau dandali a ji sauti yana zuwa yana ɗaukewa. Wani lokacin ma 'yar harshen nan ce da take kama kan filogi ta saki, in ka ɗan lanƙwasa ta ciki da yatsa ta dawo daidai. Bolum kuma ƙura ce take shiga, kana murɗawa yana ƙarr ƙarr, ruwan feshin nan na wanke kayan lantarki ka fesa kaɗan ta kafar da take jikinsa ka murɗa shi gaba da baya kamar sau talatin, yawanci ya wadatar. Sannan ga tsirkiya, wadda ita kam mutane basa so a faɗa. Tsirkiyar da ta shekara biyu a jiki ta sha gumi da datti ba zata bada sauti mai haske ba ko wane irin fikof ka sa mata a ƙasa, na sha ganin mutum ya canza fikof da tsirkiya rana ɗaya, ya ji sauti ya buɗe, ya tafi yana yabon fikof, alhali rabin abin da yake ji ko fiye sabuwar tsirkiya ce.

Ba wai ina cewa kada a canza bane, ni kaina na canza kuma ban yi nadama ba. Ina da wata jita mai araha ƙirar Jazz wadda wuyanta yake mani daɗi a hannu fiye da masu tsadar da na taɓa riƙewa, katakonta yana amsawa tun kafin a jona ta, in ka kaɗa tsirkiyar E, mafi kauri, a buɗe zaka ji tana rawa a cikinka, amma in an jona sai sautin ya fito siriri, tsirkiyar G, mafi siranta, tana tsawa ita kuma E tana noƙewa, na ɗaga na sauke na yi duk dabarar da na sani bai daidaita ba. Irin wannan jitar ita ta cancanci a kashe mata. Ma'aunina kenan har kullum, ka fara kaɗa ta ba tare da amfilifaya ba, in gawa ce a hannunka to fikof ba zai tashe ta ba, shi abin da tsirkiya ta bashi yake ɗauka.

To ko da ka yanke shawarar canzawa, abu na farko ruler ne, ka auna ramin da fikof yake zama. A nan ni na yi kuskure kuma ya ɓata mani rai sosai, shi yasa nake jaddadawa. Fender ne ya fito da Precision a 1951, a 1957 suka mayar da fikof ɗinta gida biyu, rabi yana ƙarƙashin tsirkiyoyin E da A rabi yana ƙarƙashin D da G, an naɗe su saɓanin juna yadda ƙugin da ɗaya ya ɗauko ɗayan zai kashe shi. A 1960 suka fito da Jazz mai dogayen fikof biyu sirara, ɗaya wajen wuya ɗaya wajen birij. A 1976 kamfanin Music Man suka fito da StingRay mai ƙaton fikof ɗaya mai faɗi da batir a cikin jitar. Sai kuma masu siffar sabulu da ake gani a jitocin zamani masu tsirkiya biyar da shida, waɗanda su kuma kowane kamfani da nasa girman. Kowanne da irin raminsa, ba a musaya sai an sassaƙe katako. Abin da ban lura da shi ba a lokacin shi ne a ƙirar Jazz ta asali, fikof na wajen birij ya ɗan fi na wajen wuya tsawo da kamar milimita 3, saboda tsirkiyoyi suna ƙara buɗewa in sun doshi birij. Ita kuma tawa jitar, kamar wasu masu araha da yawa, an yi mata ramuka biyu girmansu ɗaya. Na kwance komai, na zo saka na birij ya ƙi shiga, milimita ɗaya da rabi ta kowane gefe ta tsayar da aikin gaba ɗaya. Sai da na zauna da sanfefa naɗe a jikin fensir ina cin gefen ramin a hankali, na rufe fentin da tef don kada ya ɓantare, ina ci ina gwadawa har ya zauna. Da na auna tun farko da na nemi saitin da ya dace da ramina, don ana yinsu.

Haka ma bolum. Jitocin da aka ƙera a ƙasashen Asiya yawanci hudar bolum ɗinsu ƙarama ce, wajen milimita 7 zuwa 8, su kuma bolum irin na kamfanin CTS da ake sawa a jitocin Amurka wuyansu kashi uku cikin takwas na inci ne, wajen milimita 9.5, ba zai shiga ba sai an faɗaɗa hudar, kuma in zaka faɗaɗa a kan katako mai fenti kada ka danna injin huda kai tsaye, fentin zai tsage, da hannu ake yi a hankali. Sannan murfin da kake murɗawa shi ma ba lallai ya hau sabon ba, akwai sanda mai tsaga da haƙora akwai lafiyayya wadda ake ɗaurewa da ɗan sukuru ta gefe. Ƙananan abubuwa ne amma su ne suke sa mutum ya kwana da jita a warwatse.

Maganar lambobin da suke bayan bolum kuwa, gaskiya su na fi so a fahimta fiye da sunan kamfanin fikof, don suna canza sauti sosai kuma ba wanda yake tallarsu. A jitar da bata da batir, irin Precision da Jazz, 250k aka saba sawa. In ka sa 500k sautin sama zai ƙara fitowa, jitar ta ƙara haske da kaifi, don bolum mai babbar lamba baya zubar da sautin sama zuwa at kamar mai ƙarama. Saboda haka wanda yake kukan jitarsa ta yi duhu zai iya gwada wannan kafin ya taɓa fikof, wanda kuma tasa take tsawa ya duba ko 500k aka sa masa daga kamfani. Akwai harafi ma a jikin lambar, A ko B. A yawancin na yanzu A shi ne wanda yake tafiya daidai da yadda kunne yake ji, B kuma a miƙe yake tafiya. In ka sa B a maɓallin ton zaka ji kamar baya komai sai ka kusa ƙarshe sannan duk sautin saman ya ɗauke gaba ɗaya. Shi ton ɗin ba wani abu bane illa bolum da aka haɗa da wani ɗan ƙaramin kayan lantarki da ake kira kafasita, yana kwashe sautin sama yana zubarwa, 0.047 ita ce lambar da aka fi sawa a bes, in ka sa 0.1 zai fi yin duhu in ka rufe. Kuma ra'ayina a nan a fili yake, lambar ce take aiki, kada wani ya sa ka kashe kuɗi mai yawa a kan kafasita saboda launinta ko don ance tsohuwar ajiya ce. Haka maganar maganaɗisu, akwai alniko, wato haɗin alminiyom da nikel da kobal, akwai kuma siramik, mutane sun ɗauka duk siramik na banza ne don shi ake samu a jitoci masu araha, alhali akwai manyan fikof masu kyau da aka yi da siramik da gangan saboda ƙarfinsa. Yadda aka naɗa wayar da yawan naɗin yana da tasiri kamar maganaɗisun ko fiye, naɗi mai yawa yana ƙara ƙarfi da kauri amma yana rage haske.

Ranar aikin kansa, kafin ka cire waya ko ɗaya ka ɗauki hoton cikin da wayarka ta kusurwa uku ko huɗu, ka kuma zana a takarda. Ka shimfiɗa tsohon tawul a kan jikin jitar ka bar ramin kawai a buɗe, don ɗigon dalma ɗaya in ya faɗa kan fenti tabon ya zauna kenan. Ni kwali nake samu in huda shi daidai da tazarar hudojin jitar, in jera bolum ɗin a kai, in yi duk haɗin a tebur, sannan in ɗauko su gaba ɗaya in saka, abin da zai rage a yi a jikin jitar wayoyin fikof ne da at da jak. Ƙarfen narka dalma mai wat 30 zuwa 40 ya isa, dalma kuma irin ta kayan lantarki mai ƙaro a cikinta, banda irin ta masu gyaran famfo mai asid, tana cin waya daga baya. Ka fara shafa wa bakin waya dalma, ka shafa wa inda zata zauna, sannan ka haɗa su ka ɗora zafi daƙiƙa biyu ko uku, ka ɗauke, kada ka motsa hannu kuma kada ka hura. Liƙi mai kyau yana kwanciya sumul, wanda ya dunƙule kamar ƙwallo ya yi gurɓi gurɓi to bai kama ba ko da yanzu yana aiki. Inda aka fi shan wahala shi ne bayan bolum inda ake tara wayoyin at, ƙarfen yana shanye zafi, mutum ya daɗe yana dannawa har ya dafa cikin bolum ɗin sabo fil. Dabarar ita ce ka kankare wurin da sanfefa sai yayi fari, ka yi ɗan tafkin dalma a kai da sauri, ka bari ya huce, sannan ka kawo wayoyin da ka riga ka murɗe tare ka nutsa su sau ɗaya.

Kafin ka mayar da tsirkiyoyi ka jona a amfilifaya da ƙaramin sauti, ka ɗan ƙwanƙwasa kan ƙarafan fikof da sukundireba, zaka ji tuk tuk, ka murɗa kowane bolum ka tabbatar wanda kake zato shi yake amsawa. Bayan ka ɗaura tsirkiya kuma ka saurari kowane fikof shi kaɗai sannan ka buɗe su tare. In kowanne shi kaɗai yana da kauri amma da ka haɗa su sai sautin ƙasa ya gudu ya bar wani siriri kamar ta hanci, to suna faɗa da juna ne, ɗaya yana turawa ɗaya yana ja, ka juya wayoyin ɗaya daga ciki. Wannan yafi faruwa in an haɗa fikof na kamfanoni biyu, don kowane kamfani da ma'anar da yake ba launin wayarsa, kada ka yarda da launi, ka karanta takardar da ta zo a kwalin. Sannan a sani, Jazz ta asali in ka buɗe fikof ɗaya kaɗai dole ka ji ɗan ƙugi, hayaniyar wutar gida ce yake ɗaukowa, mai bugu 50 ko 60 a daƙiƙa gwargwadon ƙasar da mutum yake, in ka buɗe biyun daidai sai su kashe wa juna. Ba lalacewa bace, haka aka yi ta. Wanda baya son hakan akwai fikof masu siffar Jazz da aka raba koyil ɗinsu, wato naɗin wayarsu, biyu a ciki don su yi shiru.

Tsayin fikof shi ma rabin aiki ne kuma kyauta ne. Ka danne tsirkiya a firet na ƙarshe, wato na ƙarshen ƙarafan nan da suke gicciye a wuyan jita, ka duba tazarar da take tsakaninta da kan fikof, ka fara daga wajen milimita 3 a ɓangaren E da milimita 2 a ɓangaren G, daga nan kunnenka ne alƙali, rabin juyi rabin juyi. In ya matso da yawa tsirkiya zata riƙa dukansa in ka kaɗa da ƙarfi, kuma maganaɗisu yana jan ta har sautin ya riƙa rawa. In ka sassauta sukuru fikof ya ƙi tasowa to soson da yake ƙarƙashinsa ne ya mutu, ka sa sabo.

Sai maganar batir, wadda ita ce yara suka fi ɗoki. Abu biyu ne ake haɗawa a kira da suna ɗaya. Akwai fikof da shi kansa yake cin batir, irin na kamfanin EMG, wanda bolum ɗinsa 25k ne ba 250k ba, in ka bar masa tsofaffin ba zai yi aiki yadda ya kamata ba. Akwai kuma fikof na gargajiya da aka sa masa ɗan firi-amf a gaba, wato 'yar na'urar ƙara ƙarfin sauti mai cin batir, wanda zai baka damar ƙara sautin ƙasa da na tsakiya da na sama, ba ragewa kawai ba. Amfaninsa gaskiya ne, sauti baya raunana ko wayar ta yi tsawo, kuma kana gyara sautinka daga jikinka ba sai ka koma wajen amfilifaya ba. Amma ka tanadi inda batir mai bolt 9 zai zauna, wasu ma biyu suke ci su zama 18, kuma dole a canza jak zuwa mai ƙafa uku don shi ne makunnin, soka waya shi yake kunna batir, in ka bar waya a soke ka tafi ka kwanta batir yana ci har gari ya waye. Ya taɓa mutu mani ana tsakiyar wasa, ba ɗaukewa yayi lokaci ɗaya ba, sai da sautin ya fara karcewa a duk inda na kaɗa da ƙarfi, ina ta kallon sifika ina zargin ta fashe, kafin waƙa biyu jitar ta yi shiru, ga murfin batir ɗin da sukurori huɗu. Tun ranar duk firi-amf ɗin da zan sa wa wani sai na haɗa masa da makunnin da zai tsallake shi, in batir ya mutu ya ja maɓalli ya ci gaba. Wannan yana yiwuwa ne in fikof ɗin na gargajiya ne, in shi kansa mai cin batir ne to sai dai ka riƙa yawo da wani a jaka. Ni dai a zuciyata na fi son marar batir, bolum da ton da yatsu, amma ban hana kowa ba.

In an riga an buɗe ciki yana da kyau a liƙe bangon ramin bolum da tef ɗin jan ƙarfe, har da bayan murfin, kowane yanki ya hau kan ɗan uwansa, a haɗa shi da at a kuma gwada da mita, in ba a haɗa da at ba bashi da amfani. Yana rage zizar da fitilu da caja da kwamfuta suke jawowa, ko da yake baya kashe ƙugin fikof mai koyil ɗaya gaba ɗaya. A kula kada ƙafar bolum ko harshen jak ya taɓa jan ƙarfen, in ya taɓa jitar zata yi shiru ɗif ka rasa dalili, ɗan tef ɗin roba a ƙarƙashinsu yana magance wannan.

Akwai abu ɗaya da nake roƙon ku Malam Edita ko da zaku rage tsawon wasiƙar nan kada ku cire shi. Wayar at ɗin nan da na faɗa a farko tana nufin hannun mai kaɗawa a haɗe yake da jikin amfilifaya. Lantarkin da yake cikin jitar kansa ba ya cutarwa, amma in amfilifaya tana da matsala, ko an karya ƙafa ta uku ta filoginta, wato ta at, don a kashe ƙugi kamar yadda wasu suke yi, to wuta tana iya biyowa ta tsirkiya, musamman in mutum ya riƙe jita leɓensa ya taɓa makirfo, kuma an rasa rayuka ta wannan hanyar. Duk wanda ya ji ɗan cizo a yatsa ko a leɓe ya ajiye jitar nan take a duba wutar wurin da amfilifayar. Kuma cikin amfilifaya ba wurin koyo bane, manyan kafasitocinta suna riƙe wuta ko bayan an zare ta daga soket, a bar wa masu gyaranta.

Tsofaffin kayan da aka cire kuma a zuba su a leda a rubuta sunan jitar a ajiye, kada a yanke wayar fikof gajeriya wajen cirewa, wata rana zaka so ka mayar, ko in zaka sayar da jitar mai saye ya tambaye su. Shi ƙanen nawa ya dawo bayan sati biyu da kwalin nan har yanzu ba a buɗe ba, ya ce yanzu da ƙugin ya tafi ya zauna ya saurari jitar da kyau, sautin wajen wuya yana masa daɗi, na wajen birij ne kawai yake jin yayi rauni. Muka ɗaga shi juyi ɗaya da rabi ya ce a bar shi haka zai ƙara saurara, in bai gamsu ba zai zo ya yi liƙin da hannunsa ina tsaye a kansa, har ya sayi mita tasa.

Ina fatan zaku riƙa ware ko rabin shafi ne lokaci zuwa lokaci don masu gyaran kayan kiɗa da masu kaɗa su su riƙa rubuto abin da suka sani, in kun bada dama zan sake rubutowa a kan saita wuyan jita da tsayin tsirkiya. Na gode, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Naku,
Mai karatunku, mai kaɗa jitar bes